Hajiya Zénabou Mai Ƙuli da Ƙafarta ta Hagu

A gafarce ni da wannan karambani. Ni ba marubuciya ba ce, jika ce kawai. Inda na kauce, manya su gyara.

Haihuwa da tasowa

An haifi Zénabou a shekarar 1951 a unguwar Didaouré ta birnin Sokodé, mahaifinta Malam Inusa bafataken goro, mahaifiyarta kuma Hadijatu, wadda ta shahara da matsar man gyaɗa. Ta yi karatun allo, ba a sa ta boko ba, amma tun ba ta wuce tsayin turmi ba take gane gyaɗar da ta soyu da ƙamshi kawai.

Aure da sana'a

A shekarar 1969 aka ɗaura mata aure da Malam Issifou, direban babbar mota tsakanin Sokodé da Dapaong, wanda yake yi mata dakon gyaɗa daga kasuwar Naki-Est, ita kuwa ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli. Da wannan sana'a ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwarsa a 1998.

Jarrabawa

A shekarar 2006 aka tabbatar mata da ciwon sukari. A lokacin mutanen unguwa sun yi imani cewa maiƙo ne tushen wannan lalura, ita ma da ta dubi rayuwarta sai ta yanke hukuncin cewa sana'arta ce ta ci ta. Ta haramta wa kanta gyaɗa da mai, ta koma ga tuwo da koko, yunwa na sa ta ƙari a kan ƙari. Masu dubiya kuma, bisa al'ada, sai su zo da burodi da madarar gwangwani da lemon kwalba, ita ko ba ta iya mayar da alheri, sai ta ci don kada a ji kunya. A 2009 wani ɗan ciwo a ƙafarta ta hagu ya zama gyambo, har aka fara zancen yankewa, alhali babban burinta a duniya shi ne ta yi ɗawafi a kan ƙafafunta.

Zaman Dapaong

'Yarta Nusaiba, ma'aikaciyar jinya a Dapaong, ita ta zo ta tafi da ita. Likitan can ya umarce ta da ta rage tuwo da koko, ta yawaita ganye da wake da kifi, ta riƙa cin cikin tafin hannu na gyaɗa ko yazawa marar gishiri, a sa mata ɗan sabon man gyaɗa a miya, ba wanda aka sha suya da shi ba, tare da kiyaye magani da wankin ciwo. An ruwaito cewa ta dubi 'yarta ta ce, "Nusaiba, wannan yaron ya gama karatunsa kuwa? Abin da na guda shi zai mayar da ni gare shi?" Nusaiba ta ce, "Inna, ci gyaɗarki, in bai gama ba, ma gani." Gyaɗar ta riƙe mata ciki har ta iya haƙura da ƙarin tuwo, sukarin ya sauka, gyambon ya rufe kafin shekara ta zagayo.

Shekarun ƙarshe

Da ta dawo Didaouré a 2010 ta kafa wa masu dubiya ƙa'ida: "Wanda ya kawo min burodi, ya zauna ya cinye abinsa a gabana." Aka yi dariya, amma sannu a hankali ƙullin gyaɗa ya zama abin dubiyar mai sukari a unguwar. Kullum tana gargaɗin cewa gyaɗa ba ta warkar da ciwon, taimako ce ga magani. A 2013 ta sauke farali, aka kawo mata keken tura tsofaffi ta ƙi, ta kammala ɗawafinta a tsaye.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a shekarar 2024, aka sallace ta a Didaouré, aka kai ta makwancinta da ƙafafunta biyu. Ta bar 'ya'ya uku, Jibril da Nusaiba da Muhyiddeen, da jikoki da dama. Allah ya jiƙanta.

Iyakar abin da na iya tattarawa ke nan. Zan ajiye shi a bakin tabarmar Kawu Jibril kafin a shafa addu'ar arba'in, in sulale ta bayan mata masu rabon gyaɗa, tun ba a tambayi wanda ya rubuta ba.