Katunan Jirgi Uku da Alkawarin da Na Yi wa Inna

Liman na sallame sallar asuba muka fito daga unguwar Birni a Damagaram, ni da wani abokina mai fataucin wake, muka nufi tashar motar Yamai. Sana'ata kayan fata ne: takalma, jakunkuna da alabai, waɗanda nake sara wurin dukawan unguwarmu in kai Abijan da Dakar. A shekara nakan hau jirgi sau shida ko bakwai. Amma wannan tafiyar akwai abin da ya fi ciniki nauyi a cikinta.

Kwana biyar kafin mu tashi na kai wa Inna, mahaifiyata, gero a Gidimuni. Na tarar tafkin garin ya ja da baya, rumbunan gidanmu ba abin da ke ciki sai ƙaiƙayi. Ita kuma tana kwance, ido ya kusa tafiya, kunu ma sai an lallashe ta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, muryar yayarka nake so in ji a ɗakin nan, na gaji da jin ta a salula." Yayata shekara goma sha huɗu ke nan tana aure a Abijan, ba ta leƙo gida ba. Ni kuwa da saurin baki na ce a jirgi ma zan kawo ta.

Kuɗin sayen biye, wato takardar shiga jirgi, ba ni da su, don farin bana ya mai da duk ribata gero da dusa. Abin da na dogara da shi daban ne. Kamfanonin jirgi suna da wani kati da suke ba mai yawan tafiya. Duk hawan da ka yi a zuba maka maki, in sun taru ka karɓi biye kyauta, ko kai ka hau ko ka ba ɗan'uwanka. Irin katin nan uku gare ni, kore da ja da shuɗi, na kamfani uku. Ni ɗan manomi ne. A gonarmu ba a shuka abu ɗaya: gero nan, dawa nan, wake a tsakani, in ruwa ya ƙi wannan ya karɓi wancan. Haka na yi da jirage, kuma har cikin raina ina ganin na fi kowa wayo. Abokina mai kati ɗaya tak na sha yi masa dariya.

Hanyar Yamai doguwa ce, yini cur har da ƙari. Daga Takeita zuwa Tasawa gonaki fayau suke, ko kara babu, an kwashe wa dabbobi. A wata kasuwar bakin hanya na tambayi tiyar gero, da aka faɗa mini sai na ɗauka ta biyu ake nufi. Dabba kuwa ta faɗi warwas, saniya tana tsaye ana ƙirga haƙarƙarinta, mai ita na neman wanda zai taya. Kilishi ya yi araha a Madawa saboda haka. Na saya, amma da na tuna dalilin arahar sai ya ƙi yi mini daɗi. Abokina dai bai da wannan matsalar, shi ya cinye.

Washegari a Yamai na sa babbar riga na kama zagayen biro-biro, wato ofisoshin kamfanonin. A na jan katin, matar da ke kan na'ura ta ce makina sun mutu, don na yi shekara biyu ban hau jirginsu ba. Na ce ni ban san abin da aka ajiye yana mutuwa ba. Ta ce yana rubuce a takardar da na sa wa hannu. Gaskiyarta, takardar nan na naɗe goro da ita tun ranar. A na shuɗin, makin ko rabi ba su kai ba. A na koren, wanda da ma shi zan hau zuwa Abijan, wani dattijo ya duba ya ce saura ƙiris: in na je na dawo a jirginsu za su cika. Sai dai ba a zuba maki sai an sauka, kuma kujerar kyauta ta farko da ya gani sai bayan wata guda. Na tambaye shi ko za a haɗa mini na katunan uku wuri ɗaya. Ya yi murmushi ya ce ai kowane kamfani da rumbunsa.

Da na fito na zauna a gindin wata bishiya na haɗa su a kaina. Da kamfani ɗaya na bi tun farko, da sun isa biyen Yaya har da saura. Na ji kunya, na ji haushin kaina. Abokina bai yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Cewa kawai ya yi taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Nasa makin da ya ba ni, amma ya riga ya kai mahaifinsa asibiti da su a farkon shekara.

A filin jirgi na ƙara ganin bambancin. Shi katinsa ya girma, aka wuce da jakarsa ta uku ba ko dala, aka shigar da shi wani ɗaki mai sanyi da shayi. Ni aka auna takalmana aka ce sun yi nauyi. Sai ga ni, Alhajinku, durƙushe a gaban jama'a yana tura alabai cikin aljihun babbar riga.

Abijan kore shar, ruwa na zuba har mutane na tsaki. Wanda ya baro Damagaram bana in ya ga ana tsakin ruwan sama, sai ya rasa abin cewa. Kwana biyu na raba kayana ga masu shaguna, sannan na tafi gidan Yaya. Mijinta acake, wani dambun rogo, da soyayyen kifi yake sayarwa, kamar 'yan ƙasarmu da yawa a can. Aka cika mini faranti, na ci kaɗan, don na ga akwatinta a ɗaure a bakin ƙofa, ta ma saya wa Inna zane.

Na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce in ta yi haƙuri in koma a jirgi makin su cika, bayan wata guda sai ta taho a zaune cikin sanyi, awa biyu ta sauka Yamai. Tana da ciwon gwiwa, hanyar mota kuwa kwana huɗu ce. Sai ta tambaye ni, "Auta, da ka baro ta, da hannunta take shan kunun ko ba ta ake yi?"

Na ce ba ta ake yi.

Ta ce, "To nemo mini mota."

Mijinta ba ya iya barin sana'a, ni kuma ba zan sa yayata a mota ita kaɗai ta ratsa ƙasa uku ba. Na san in na bar kujerata ta komawa, biyen ya tafi, makin ma ba za su cika ba. Na kira abokina na ce ya tafi, ya gai da ɗakin shayi.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar ta ba mu wuya. Mun bi ta Buwake, muka shiga Burkina ta Bobo, muka wuce Wagadugu. A kowace iyaka a sauko, a jera, a nuna takardu, a sake hawa, Yaya na dafe da kafaɗata. Tun muna ganin ayaba da doya a bakin hanya har muka koma ganin ƙaya da jakuna masu jarkokin ruwa. Tun daga Bobo ƙafafunta suka kumbura, takalminta ya ƙi shiga, na ciro ɗaya daga cikin na maza da suka yi mini kwantai na ba ta. Ta ce yau dai ta ci ribar sana'ata. Bayan Doso ta kafa ido a taga. Ƙasar da ta bari ba ita ta tarar ba, na ga tana share hawaye da bakin mayafi.

A cikin motar nan na gama shawara da kaina. Masu tambayata wane kati ya fi, ga abin da na koyo da kuɗina da gwiwar yayata. Duba garin da ƙafarka ta fi zuwa, ka riƙe kamfanin da ke zuwa can, ko da wani ya fi shi araha da 'yan kuɗi kaɗan. Ka tambaya tun kafin ka sa hannu ko makin na mutuwa, kuma ko ana iya ba wani. Ni koren na riƙe. Sannan kada ka yi wa tsohuwa alkawari da abin da ke ajiye a na'urar wasu.

Mun isa Gidimuni da la'asar ranar Litinin. Yaya ta yi sallama daga zaure, muka ji Inna ta amsa da wata murya da na daɗe ban ji ba. Ta sa aka tayar da ita zaune. Ta shafa fuskar 'yarta, ta shafa hannuwan, har ta kai ga ƙafafun. Nan ta tsaya, ta danna da yatsa, ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Auta, jirgin naku ƙafa yake kumburawa?"

Yaya ta riga ni, ta ce, "Inna, shi ya riƙo ni tun daga can har ɗakin nan." Inna ta ce Allah ya yi mana albarka, ba ta sake tayar da zancen ba. A ranar ta sha kunu rabin ƙwarya daga hannun Yaya.

Kwana goma sha ɗaya suka yi tare. Ranar Juma'a ta biyu da zuwanmu, bayan an sauko daga masallaci, Inna ta cika, kanta a cinyar Yaya. Kujerar kyautar da dattijon nan ya gano mini, a ranar saura mako guda ta fito.