Alhamis Ɗin Yaya Fulgencio

Hermelinda Cálix ba ta iya zama ba. Ko a coci ƙafarta kaɗawa take, har mijinta kan ce ranar da ta mutu sai an danne gawar da dutse.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana duba gonakin ƙungiyar manoman kofi ta kan tudun La Paz. Ƙungiyar na da takardar shaidar cewa kofinta bai taɓa ganin maganin feshi ba, ita ke sa ana sayensa da daraja. Sau ɗaya a shekara mai bincike ke zuwa daga waje, kuma in ya kama gona ɗaya da aka rufa wa asiri, duk gonakin ƙungiyar arba'in da biyu ne za su rasa takardar. Shi ya sa duk wata uku Hermelinda ke hawa babur ta bi su ɗaya ɗaya: sito, iyakar gona, littafin aiki, hoto. Tun Janairu take yanka ranakun ta liƙa a ƙofar ofis, ba ta ɗaga wa kowa, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ran wata Litinin sai ga wanta Fulgencio, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar ubansu, yana murza hula.

"Linda, Alhamis ɗin nan tawa, ki ɗaga min zuwa mako uku."

"Me ya faru, Yaya?"

"Baya ke damuna. Ke dai kin cika tambaya, sai ka ce 'yar sanda."

Mako uku ne ciyawar da aka fesa wa magani ke ɗauka kafin sabuwa ta rufe ta, wannan duk ɗan manomi ya sani. Kwana biyu tana kai da kawo, ta share ofis, ta sake sharewa, wainar masara ta ƙone mata a kasko. Haushinsa take ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Mai ciwon baya ina zai iya sara da adda? Amma in ta rubuta, shekara uku gonarsa za ta yi a wajen ƙungiyar.

Alhamis da hantsi ta isa gonarsa. Bayan sito, ciyawa ta yi jawur tun daga shinge har bakin rafi.

Ƙa'ida ce mai gona ya rubuta kwanan wata a allo, ya riƙe a cikin hoton. Ta miƙa masa allin ba tare da ta dube shi ba.

"Yau nawa ga wata?"

"Sha huɗu, Yaya."

Ya rubuta, ya shiga tsakiyar ciyawar, ya ɗaga allon daidai ƙirji.

"To ɗauka da kyau, uwar iyayi, kar ki ce sai kin dawo."

Hoton farko bai fito da kyau ba. Sai da ta roƙe shi ya sake tsayawa.