Tattakin Alhaji Bawa Mai Fata

Cikin duk shekarun da na yi a aikin asibiti, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da 'yan doka suka kama majinyacinmu yana tsakiyar shan magani.

Lokacin ana shirin karɓar mulkin kai, ina disfensa a nan Sakkwato. Aikin disfensa haɗa magani ne da miƙa shi, amma da yake ina jin Turanci, ni ke yi wa likita tafinta. Likitan Bature ne da ya karanci ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ba abin da ya tsana kamar shanyewar ɓarin jiki. Ko ƙaya ce ta soke ka, sai ya ɗaura maka robar awon jini a dantse. Mutanen gari suka sa masa suna Hana-Gishiri.

Wata rana Alhaji Bawa, babban mai sayen fatun awaki, ya zo da ciwon kai da jiri. Yayansa ya daɗe a kwance, ɓari guda ya mutu, baki ya karkace. Likita ya auna Alhaji, ya ce jininsa ya hau ƙwarai. Ya ce ya rage gishiri da kitse da man shanu, sannan kullum bayan asuba ya taka a ƙasa daga gida zuwa bakin kasuwa ya dawo.

Alhaji ya ce, "Malam Isa, hwaɗa mai ya yi min allura. Ni da mota in taka ƙasa? Ai sai a ce na karye."

Likita ya ce babu allurar da za ta yi masa wannan aikin.

Bayan 'yan makonni Alhaji ya dawo, jini yana nan inda yake. Ya rantse ba a taɓa fashin tattaki ba. Da muka matsa, ashe baransa Tanko ke yi.

"Na wakilta shi," in ji Alhaji. "Ko aikin hajji ana yi ma mutum, bale wagga 'yar tahiya."

Likita ya sa aka kira Tanko ya auna shi, jini lafiya lau kamar na saurayi. Ya cire tabarau ya ce in gaya wa Alhaji maganin yana aiki sosai, Tanko zai yi tsawon rai, shi kuwa Alhaji a shimfiɗa masa tabarma kusa da yayansa. Na faɗa yadda aka faɗa.

Dabarar da Alhaji ya fito da ita ke nan: yana tafe a ƙasa, motarsa na binsa a hankali, don kowa ya ga ba a sayar da ita ba. To, babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai. Barori suka bi, dillalai suka bi, mahautan da ke sayar masa da fata suka zo da mai kalangu. Masu jiri da ciwon kai suka shiga sahu, wai akwai tubarraki.

A lokacin jam'iyyu na ta zafi, kuma ba a jerin gwano sai da izini. Wani sajan na 'yan doka ya tare su ya tambayi Alhaji ta wa yake bi, yana nufin jam'iyya.

"Ta Hana-Gishiri."

"Wa ya ba ka umarni?"

"Malam Isa na asibiti."

Ina cikin haɗa maganin tari aka zo aka tafi da ni gaban Di'o, wato Baturen da ke kula da mulkin yanki. Na tarar da Alhaji a can, an riga an kamo shi. Doka ta hana ma'aikacin gwamnati siyasa, hukuncinta kora. Di'o ya ce bai taɓa jin wannan jam'iyya ba, mene ne manufarta? Na ce rage gishiri da man shanu, ranka ya daɗe. Ya tambaya ko so muke a ƙaurace wa gishirin kantin Turawa.

Ana haka likita ya shigo da robarsa. Bai yi dogon bayani ba, ya ɗaura wa Alhaji a gaban kowa, jini ya sauka. Ya juya ya dubi jar fuskar Di'o, ya ce ya miƙo hannu. Jinin Di'o ya fi na Alhaji na ranar farko hawa.

Aka yanke cewa Alhaji zai ci gaba da tattaki, ban da kalangu, ban da taro, amma an yarda da mota. Ni aka ce in koma bakin aiki. Di'o ma likita ya ɗora masa tafiya, sai dai shi a bayan gidansa yake zagayawa, inda ba mai ganinsa.

Alhaji Bawa ya ga bikin mulkin kai a tsaye da ƙafafunsa, ya aurar da jikoki, bakinsa bai karkace ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ku da kuke aikin yanzu, abin da na koya shi ne faɗa wa mutum abin da zai tsare shi ba shi da wuya. Kafin ya fita, ku tambaye shi abin da yake tsoron a ce a gari in an gan shi yana yi. Sau da yawa wannan ya fi ciwon ba shi tsoro, kuma in ba ku sama masa hanya ba, wani zai tura ya sha maganin a madadinsa.