Ranar da Na Kwanta a Kasuwar Makarfi

Har yanzu akwai matan da in sun gan ni a gidan biki sai su taɓa juna su ce, "Ai ita ce wadda ta kwanta a kasuwa." Ni ce kuwa. Ban taɓa musantawa ba, kuma ban taɓa jin kunyar abin ba. Wanda ya san dalili ba ya dariya, wanda bai sani ba ga shi zan faɗa masa.

Cikin damina ne Inna, mahaifiyarmu, ta zame a bakin rijiyar gidanmu na Gazara. Ba ta karye ba, amma ƙugunta ya bugu sosai, ga shekaru sun ja. Duk da haka bayan mako biyu ta fara miƙewa da sanda. Tana zuwa bayan gida da kanta, tana yin alwala da kanta a bakin ƙofar ɗaki. Inna mace ce da ba ta son a yi mata. Ko tsintsiya ka ɗauka a gabanta sai ta ce ba haka ake riƙewa ba.

Mu huɗu ta haifa. Ni ce auta, ina aure a Makarfi, ɗinki nake yi. Babbanmu, wanda muke kira Yaya, yana aiki a Kaduna. Shi ne ɗan fari, saboda haka tsakaninsa da Inna akwai kunyar nan ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin Kaduna". Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska gefe tana amsawa a taƙaice. Kowa ya san tana son sa kamar ranta, amma ko da wasa ba za ka ji a bakinta ba.

Da labarin faɗuwar ya kai masa, sai ga shi ranar Asabar da katifa ɗaure a kan mota. Ban taɓa ganin irinta ba. Kaurinta ya kusa kai gwiwata, an yi mata riga mai furanni, tana ƙyalli cikin leda. Unguwa ta taru. Mata suka yi ta shigowa suna danna ta da tafin hannu, hannu na nutsewa har wuyansa, suna cewa, "Kai! Kamar burodi!" Ni ma na danna, ni ma na ce masha Allah. Aka ɗauke tsohuwar katifarta ta audugar rimi aka bai wa wata maƙwabciya, aka ɗora sabuwar a kan gado. Ledar ma ba a cire ba, wai don kada ta yi datti. Tsofaffi suka yi ta sa wa Yaya albarka, shi kuma ya koma Kaduna da farin ciki.

Duk Juma'a nake hawa mota in je duba ta. Juma'a ta farko na tarar da ita kwance, na ce gajiya ce. Ta biyu na tarar sandarta jingine a bayan ƙofa, har yanar gizo ta kama ta. Matar wana na biyu, wadda ke zaune da ita a gidan, ta ja ni gefe ta ce yanzu Inna ba ta iya tashi sai an kama ta, salla ma a kwance take yi. Ta ce kuma ta rage shan ruwa, kunun safe ma rabi take sha ta ture. Muka ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa.

A Juma'a ta uku na ce ni zan yi mata wanka. Da na kwance mata zani sai na ga wani wuri a kan ƙashin ƙugunta na dama, faɗinsa kamar murfin kwalba. Ya yi duhu, ya yi zafi, fatar ta fara saɓulewa. Bayanta kuwa jiƙe sharkaf da gumi, saboda ledar da ke ƙarƙashin zanin gado. Na taɓa ganin irin wannan a jikin wata tsohuwa a dangin mijina, kuma na san inda ya kai ta.

Na ce, "Inna, katifar nan tana damunki?"

Ta ce, "Kayan alheri ne."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ke dai bakinki ba ya hutawa."

"To me ya hana ki shan ruwa?"

Ta kalli bango. Can ta ce a hankali, "Yarinyar nan tana da goyo. Sau nawa zan kira ta a yini?"

Na zaunar da ita a kujera a tsakar gida ta sha hantsi, na koma ɗakin na hau gadon na kwanta. A take ƙuguna ya nutse, ƙafafuna da kaina suka yi sama, kamar na faɗa cikin kwarya. Na so in juya, katifar ta riƙe ni. Na so in tashi, duk inda na dafa sai hannu ya shige. Sai da na kama ƙarfen taga na ja jikina, ni da nake taka keken ɗinki yini guda ban gaji ba. Da na zauna a bakin gadon kuma ƙafata ba ta kai ƙasa ba.

A nan na gane wautar da muka tafka, dukkanmu. Babu wanda ya taɓa kwanciya a kan katifar nan sai mai ciwon. Yaya bai kwanta a shago ba, don babban mutum ba ya miƙewa a gaban jama'a. Suruka ba ta hawa gadon uwar miji. Mu sauran da tafin hannu kawai muka san ta, kuma a wurinmu laushi shi ne girmamawa. Ita kuwa da ta san gaskiya, ta gwammace jikinta ya huje da a ce ta kushe kyautar ɗanta na fari. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina na fara.

Da na koma Makarfi na shiga wurin wata maƙwabciyata, ma'aikaciyar jinya ce a Ikara. Ta saurare ni ta ce, "Ledar nan a cire ta yau. A riƙa juya ta, kada ta daɗe a gefe ɗaya, wurin kuma ya zauna a bushe. Sannan ki nemo mai ƙarfi a ƙasa wadda za ta riƙe ƙugu, ki ɗora mai laushi marar kauri a sama saboda ƙashi." Ta yi alkawarin za ta je ta duba wurin da idonta, ta kuma cika.

Na kira Yaya a waya. Ban gama bayani ba ya ce, "Wadda ta fi kowacce a shagon na ɗauko. Inna ce ta ce ba ta so?"

Na ce, "Yaya, ka san ba za ta faɗa ba."

Ya ce, "To a bar ta yadda take."

Na ce to. Na ajiye wayar, na ɗauki awon gadon da na yi da tef ɗina na ɗinki, na jira ranar kasuwa.

Shagon katifun yana bakin hanya, dab da inda ake sauke rake. Mai shagon ya tarbe ni da fara'a, ya nuna mini wata ƙatuwa ya ce, "Hajiya, danna ki ji." Na ce na gama danne-danne, ya sauko mini da guda huɗu ƙasa. Ya sauko da su yana kallona. Na cire takalmi, na yi bismilla, na tattara hijabina na rufe ƙafafu, na kwanta a gefen dama kamar yadda Inna ke kwanciya.

"Subhanallahi! Hajiya, lafiya? A kira mota?"

"Lafiyata ƙalau. Saye nake yi."

Kafin in juya, 'yan acaɓa sun tsaya, masu sauke rake sun ajiye dami. Na ji wata mata tana cewa, "Wannan matar aure ce kuwa?" Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da na tuna wurin nan na ƙugun Inna sai na gyara kwanciya.

Ta farko ta haɗiye ni kamar ta Yaya. Ta biyu tauri gare ta kamar daɓen siminti, nan da nan kafaɗata ta fara tsami. A kan kowacce sai in daɗe kaɗan, in juya hagu, in juya dama, in zura hannu ƙarƙashin kwankwasona in ji ko akwai rami. Daga nan in zauna a bakinta in ga ko gefen zai lotsa ya zubar da ni. Ta uku ce ta yi. Ta ɗan karɓi kafaɗa da ƙugu, amma ba ta bar su sun nutse ba, kuma kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba, wanda na san in an ɗora a gadon Inna ƙafarta za ta taka ƙasa.

Wani dattijo da ya kawo rake daga Kudan yana tsaye yana kallo tun farko. Ya ce wa masu dariya, "Ku rabu da ita. Takalmi ma ai sai an sa ƙafa ake saye." Ya matso ya tambaye ni wa zan saya wa, na gaya masa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Sai ya dafa sandarsa ya zauna a bakin katifar, ya miƙe, ya sake zama, ya ce wa mai shago ya ajiye masa irinta.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Maigidana yana zaune a zaure ya ce, "An ce kin yi barci a kasuwa." Na ce ban samu barcin ba, hayaniya ta yi yawa. Ya girgiza kai, ya tashi ya je ya nemo a-kori-kurar da za ta kai katifar Gazara.

Ta saman kuwa ni na ɗinka da hannuna. Na sayo audugar rimi wurin wani tsoho mai yin matasan kai, na shanya ta, na tsince 'ya'yan tas. Na yi mata gida da farin yadi, kaurin yatsa uku, na bi ta da layin ɗinki kusa-kusa don kada audugar ta taru wuri ɗaya ta yi ƙulli. Na ɗinka riguna biyu, in an wanke ɗaya a sa ɗaya, da ƙaramin matashi na sawa tsakanin gwiwoyi.

Aiki ya rage na shawo kan Inna. Da ta ga ana shigo da kaya sai ta ce, "Mutumin Kaduna ya sani?"

Na ce, "Tasa tana nan, Inna. Ta sha gumi ne, za a jingine ta ta sha iska. Wannan ta aro ce kafin waccan ta bushe."

Ta dube ni tsawon lokaci. Ita ta haife ni, ta san ƙarya nake yi. Ta ce, "To, a shanya ta da kyau." Muka jingine ta a ɗakin ajiya, kusa da buhunan masara.

Na kwana shida a Gazara. Muna juya ta, muna wanke wurin kamar yadda aka nuna mana. A rana ta huɗu ta juya da kanta. A ta shida na shigo da kunu na same ta zaune a bakin gado, tafin ƙafarta biyu a ƙasa, tana cewa a miƙo mata sandarta, kuma wa ya bar ta ta yi ƙura haka. Kafin wata ya ƙare wurin ya bushe ya yi ɓawo.

Lokacin girbin masara Yaya ya zo, kuma na tabbata ina gidan. Ɗakin ajiya ya fara leƙawa don ganin amfanin gona, sai ya ci karo da katifarsa. Ya fito fuska a murtuke, ya kira ni gefe.

"Wa ya ba ki izini?"

"Babu kowa, Yaya."

"Kin mai da ni abin dariya a gari. A ce na kawo wa mahaifiyata abu, ƙanwata ta jefar da shi cikin masara?"

Na ce, "Ka yi haƙuri. Ka shiga ku gaisa tukuna, in ka fito ka yi mini duk faɗan da za ka yi, zan tsaya."

Ya je ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, rana tana dukan bayansa. Inna tana zaune a bakin gado, ta juya fuska gefe. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Ina tsaye ina jiran ya tayar da maganar katifa.

Sai Inna ta jawo sandarta, ta dafa gwiwa, ta miƙe. Na yunƙura zan kama ta, ta harare ni, na koma. Ta taka a hankali ta wuce ta gefensa, ta je gindin randa, ta buɗe faifai, ta cika moɗa. Ta dawo ruwan na ɗan zuba a hannunta, ta ajiye a ƙasa gabansa ba tare da ta dube shi ba. Ni ta kalla ta ce, "Ki ce masa ya sha ruwa. Hanyar nan akwai rana."

Yaya ya ɗauki moɗar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon cikinta kafin ya kai baki, ya shanye tas. Ya tashi ya fita zaure, kuma faɗan da na yi shirin tsayawa in sha bai zo ba.

Da la'asar ya ce in shigo mota ya sauke ni a Makarfi. Mun yi nisa, gonakin rake na ta wucewa. Can ya share murya, idonsa a kan hanya, ya ce iyakar saninsa yau ce rana ta farko da ya sha ruwan da Inna ta ɗebo masa da hannunta.