Randar da Geum-rye Ta Fito da Ita Bakin Titi

A danginmu na Sunchang, idan aka ce "mai randa", Goggo Geum-rye ake nufi. Ita ce babba a 'ya'yan kakarmu, ita aka bar wa tsohuwar randar ganjang, baƙin romon waken suya da ake gado daga uwa zuwa 'ya. Ba a taɓa bari ta ƙafe ba. Duk shekara a ɗebi kaɗan a sa wa sabon haɗi don ya ɗauko ɗanɗanon gida, sannan a cika ta da wanda ya nuna. A gindin randar nan Geum-rye ta girma. Da mijinta ya rasu, ta buɗe ɗan shago a gaban gida tana sayar da romo da kayan tsami. Ba ta da fara'a, amma hannunta na da daɗi, kuma ta san da haka.

Ƙanwarta Mal-sun, autar gidan, ita ce mai baki tun suna yara. Aure ya kai ta Jeonju, ta buɗe ƙaramin gidan abinci, daga nan ta fara rubutu a intanet tana ba masu ƙananan sana'o'i shawara: a ɗauki hoton kaya da hasken safe, kada a amsa wa mai ƙorafi cikin fushi, kada a bar shafi ya yi kwana da kwanaki shiru. Kafin a ankara, matan kasuwa sun ɗauki maganarta kamar ta likita.

"Maman Jae-pil," in ji mai barkono da ke maƙwabtaka da shagon, tana kiran Geum-rye da sunan ɗanta, tana miƙo mata waya, "kin ga ƙanwarki yau? Wai ɗanɗanon hannun mahaifiyarku ne jarinta. Mutane sai cewa suke ita ta gaji tsohuwa."

Geum-rye ba ta karɓi wayar ba. "Wadda ko murfin randa ba ta iya ɗagawa sai ta kira ni? Ta gaji surutu dai."

"To surutun ne ya cika mata kujeru. Ke kuma ga ki da ƙudaje."

Maganar ta zauna mata a ƙirji. Ba cikar kujerun ce ta dame ta ba. Ita ta wanke randuna da ruwan sanyi har yatsunta suka tsage, ita ta yi jinyar uwar, amma baƙin da ba su taɓa taka Sunchang ba sun naɗa wata magajiya.

Ana haka Mal-sun ta kira. "Yaya, in zo in ɗauki hoton randar Inna? Zan sa sunan shagonki, masu saye su san hanya."

"Randar ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Ki ɗauki hoton tukwanenki."

"Yaya kenan. Taimako fa nake nufi."

"Da na ce ina nema?"

Geum-rye ta katse kiran, ta kuma buɗe shafin ƙanwar, don kullum sai ta karanta shi a ɓoye, tana tsaki. Ranar ta ci karo da wata shawara: abin da kike da shi wanda babu a shagon kowa, kada ki ɓoye shi a bayan gida, fito da shi a gani. Geum-rye ta yi murmushi. Abin da babu a shagon kowa yana hannunta, kuma ba ta wayar Mal-sun duniya za ta gan shi ba.

Ta sa aka kinkimo randar daga dandamalinta na bayan gida, inda ta fi shekarun kowa a dangi, aka girke ta a ƙofar shago. Ta cire murfin don masu wucewa su leƙa su ga gishirin da ya daskare a bakinta kamar ƙanƙara. Suka tsaya kuwa, suka yi ta ɗaukar hoto. Damina ta kama, kuma ko yarinya a garin ta san randa a rana ake buɗe ta, hadari na haɗuwa a rufe. Geum-rye ta fi kowa sani. Amma da azahar ɗin nan tana can ƙuryar shago, ta duƙufa kan waya, tana duba ko labarin ya kai wa Mal-sun, ko ta ji zafi. Sai da ta ji ruwa na dukan kwanon rufi ta fito da gudu. Ruwan ya riga ya shiga randar.

Ta tace, ta tafasa, ta shanya. Bayan 'yan kwanaki farar fumfuna ta rufe saman romon, ƙamshin ya juya. Ta ɗanɗana, ba Inna a ciki.

Mai barkono ce ta kai labari Jeonju. Mal-sun ta iso a motar safe, rungume da ƙaramin tulu a ƙunshe cikin zane. Rabonta ne na romon, wanda uwar ta ɗibar mata ranar aure kamar yadda ake yi wa kowace 'ya. Geum-rye ta daɗe da yanke cewa ƙanwar ta bar shi ya mutu.

"Kin zo ɗaukar hoton gawa?"

"Na bar wayar a jaka, Yaya. Kawo cokali."

Geum-rye ta ɗiba, ta riƙe a baki. Ɗanɗanon Inna ne, babu abin da ya ragu. Ta so ƙwarai a ce ya ragu.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," ta ce.

"Haka Inna take yi."

"Ni za ki gaya wa yadda Inna take yi?"

Tare suka wanke randar, suka mayar da ita bayan gida, suka juye tulun a ciki. Mal-sun ba ta rubuta ko kalma a kan abin da ya faru ba, kuma wannan shirun ya fi komai ci wa Geum-rye rai. Har yau duk safiya takan ɗaga murfin idan gari ya yi haske, ta zauna kusa da randar ta buɗe shafin ƙanwarta, tana neman kuskure, ido ɗaya na kan sama.