Ƙyauren Inna da Hannuna na Hagu

Jiya na yi wani mafarki. Ba ma da dare ba, bayan na dawo sallar asuba ne na ɗan kishingiɗa, barci ya sace ni. Har yanzu da nake rubutun nan bai sake ni ba. Ni ba mai yawo da mafarki wurin mutane ba ne, amma wannan ya zo da wa'adi, shi ya sa na kawo muku. Wanda zai ce in yi sadakar ƙosai ya riƙe shawararsa. Na riga na yi, yaran unguwa sun cinye, ba abin da ya canza.

Sai na fara gaya muku ko ni wane ne, in ba haka ba mafarkin ba zai shiga kanku ba. Sunana Sale, a unguwa Sale Mai Inji ake ce mini, don niƙa nake yi. Amma kafin inji, jita nake kaɗawa. Shekara tara ina kiɗa a wani otal a nan Jos, kuma wallahi ba yabon kai ba, in na taɓa tsirkiya har masu wanke kwano sai sun leƙo. Wata rana na je taya wani abokina tsaron injinsa, bel ya kama hannuna na hagu, ya tafi da yatsa biyu, na tsakiya da mai bi masa. Da waɗannan ake danna tsirkiya. Shi ke nan. 'Yan ƙungiyarmu sun zo dubiya sau ɗaya da lemo, a makon suka sa wani a gurbina. Injin da ya cinye ni, shi na koma ina ci a jikinsa, yau shekara ashirin da wani abu.

Abin da mutane ba su sani ba, ni bahago aka haife ni. Mahaifiyata, Inna, Allah ya jiƙanta, ita ta gyara ni. In za a ci tuwo sai ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure mini hagun a ƙugu. In na kuskura na miƙa wa babba abu da shi, sai muciya a bayan hannu. Har na zama na dama kamar kowa, jitar ma irin ta kowa na koya.

Bara aka rushe tsohon gidanmu za a faɗaɗa hanya. Ban ɗauki komai ba sai ƙyauren ɗakin Inna, na maɗaci ne, ya girme ni. Na kai wa Baba Bitrus, wani dattijon kafinta da ke gyara wa 'yan coci jita, yana kuma ƙera sabuwa da hannunsa in ya ga dama. Ya ƙwanƙwasa ƙyauren da bayan yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Malam Sale, katakon nan yana da murya. Amma jita ɗaya zai fitar, ba biyu ba." Ya shimfiɗa takardar siminti, ya zana hannuwana biyu da fensir. Ya daɗe yana kallon na hagun. Sai ya ce in ina so, zai yi mini ita a juye, irin ta bahagwai: in danna da dama mai yatsu biyar, in kaɗa da hagu, tunda babban yatsa da manuniya suna nan. Amma zan koma koyo daga farko kamar jariri, da furfurata. Kuma ba wanda zai iya amfani da ita bayana. In kuwa ya yi ta daidai irin ta kowa, to ba tawa ba ce, ta mai cikakken hannu ce.

Mai cikakken hannun tana cikin gidana. 'Yata Bilki, shekararta goma sha tara. A waya ta koya, da jitar aro ta wata ƙawarta. Na taɓa jin ta ta bayan katanga, ba ta san na dawo ba. Ta iya. Zan faɗi gaskiya ko za ku zage ni: haushi na ji. 'Yata ce, na haife ta, amma haushi na ji, na shiga na ce a daina cika mini kunne. Tun ranar ban ƙara jin sautin ba.

Baba Bitrus ya ce akwai wasu 'yan sanduna da ake mannawa a cikin jita, shi haƙarƙari yake kiransu, kuma zamansu na ta hagu daban, na ta dama daban. In ya manna ya rufe, an gama magana. Ranar Asabar zai manna. Ya ce in zo masa da amsa. Yau Alhamis.

To ga mafarkin.

Na ga ina tafiya shagon Baba Bitrus, amma hanyar ba kwalta, duk garin masara ne, ƙafata tana nutsewa har idon sawu. Ba kowa a titi. Na isa shagon, sai na tarar shagon nawa ne na niƙa, amma kayan aikinsa ne a rataye, zarto da guduma da su matsi. Injina yana aiki, bel yana juyawa, amma ba ƙara ko kaɗan. Shekara ashirin ban taɓa jin wurin nan shiru haka ba.

Baba Bitrus yana zaune a kan buhu, ya ɗora wata 'yar tukunyar gam a kan garwashi yana juyawa. Sama da kansa an ja igiya, an shanya takardun siminti kamar wanki, kowace da zanen hannu. Da yawa, kamar na duk mutanen gari. Ya miƙa hannu bai ko duba ba ya ciro ɗaya ya ba ni. Sunana ne a jiki. Hannun hagu ne, yatsu biyar cif.

Na ce, "Baba, wannan ba nawa ba ne."

Ya ci gaba da juya tukunya. Can ya ce, "Gam yana sanyi, Malam Sale."

Sai kawai na gan ni a wani fili, ba gida ba bishiya, ga ƙyauren Inna a tsaye shi kaɗai, ba bango ba komai. Har da tabon nan na fitilar da ta taɓa lasar gefensa. Na zagaya bayansa, ba komai, fili ne. Na dawo gaba na ƙwanƙwasa. Maimakon ƙarar katako, sai sautin babbar tsirkiya ya fito, mai kauri, ya daɗe yana tafiya kafin ya mutu. Na tura.

Ɗakin Inna ne, yadda na san shi, da jeren kwanonta da warin daddawa. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, kanta ba ɗankwali, tana cin tuwo. Da hagu take ci. Loma take yankowa da hagu, ta dangwali miya, ta kai baki, hankali kwance, kamar haka take yi tun da aka halicce ta. Na tsaya ina kallo. Na duba jikina, ni ne dai da gemuna da furfurata da rigar aiki, amma hannuna na hagu a ɗaure yake a ƙugu da ɗankwalinta, wannan mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo.

Na ce, "Inna, ke da kika hana ni?"

Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Inna, ni ne Sale."

Ta suɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta tura mini kwanon da ƙafa, kamar yadda take yi in ta rage mini. Na durƙusa zan ci, na rasa da wane hannu. Na dama ya yi nauyi kamar turmi, hagun a ɗaure.

Sai kawai ga ni a kan dandamalin otal ɗin nan da nake kiɗa. Fitilu ja da kore suna nan yadda suke. Amma a kujerun ba mashaya, matan unguwarmu ne masu kawo niƙa, kowace da robarta a cinya, sun yi layi sun yi tsit suna jirana. Na san su duka. Har da wadda kullum take cewa na cinye mata gari. Ita ce ma ta taso, ta zo gaban dandamali, ta buɗe robarta. A kan dawa ga yatsuna biyu a kwance, fes da su, ba jini, kamar an wanke rogo. Ta ce, "Mai Inji, tun tuni suke wurina, ba ka tambaya ba." Ban karɓa ba. Ban san me ya sa ba. Ban ji tsoro ba, ban ji murna ba, na dai kalle su kamar takalmin da ya yi mini kaɗan. Ta rufe robarta ta koma ta zauna.

Na waiwaya, ga jitar a kan kujera. An gama ta, tana ƙyalli, ja-ja irin na maɗaci, tabon fitilar nan yana gefenta. Amma ba ta da wuya. Gangar jiki ce kawai. Baba Bitrus yana gefe a tsugune da tukunyarsa, ya sake cewa, "Gam yana sanyi."

Sai ga Bilki ta shigo ta tsakiyar matan, ta ɗauko wuyan jitar a ka, a kan gammo, kamar mai tallan rake. Ta hau dandamali ta sauke shi a gabana. Ba ta gaishe ni ba, kuma a farke ba ta taɓa wuce ni ba gaisuwa. Ta durƙusa ta gefen haguna, ta kama ƙullin ɗankwalin nan da hannu biyu, ta sa haƙori.

Nan ne wurin da ya tsaya mini a rai. Na ji ƙullin yana motsi, na ji ɗumin numfashinta a hannuna. Amma wallahi ban iya gane kwancewa take yi ko ƙara tamkewa ba. Na leƙa, kanta ya tare. Na ce, "Bilki, me kike yi?" Na sake cewa, "Ke, da ke nake." Ta ɗago ido ta dube ni, ƙullin yana bakinta, idon nan kuwa na Inna ne sak.

Baba Bitrus ya miƙe, ya ɗaga wuyan jitar, ya shafa masa gam, ya tsaya a kan gangar yana jira. Ya ce, "Wane hannu?" Matan nan duka suka juyo. Na buɗe baki, kuma na san na yanke, na san amsar tana kan harshena. A daidai nan injin da ya yi shiru tun farko ya tashi da ƙararsa gaba ɗaya, ban ji abin da na faɗa ba.

Na farka. Ashe maƙwabci ne ya tada babur a bakin taga. Na kwanta a kan hannuna na hagu, ya mutu murus, sai babban yatsa kaɗai yake motsi a kan cikina, sama da ƙasa. Matata Talatu tana tsaye da tsintsiya tana kallona. Ta ce, "Malam, ƙazuwa ta kama ka ne? Tun ɗazu kake susar ciki kana gurnani."

Na ce, "Bar wannan. Ke da kika zauna da Inna shekara goma, da wane hannu take tuƙa tuwo?"

Ta ce, "Da hagu mana."

Na ce, "Ƙarya kike."

Ta ce, "To ni na haife ta? Tuƙi da hagu, tsefe kai da hagu, zare ma da hagu take sa wa allura. In ta ji sallamar namiji ne take sauyawa. Duk matan gidan sun sani. Kai da ba ka shiga madafi ina za ka gani?" Ta ci gaba da shararta, kamar ba ta faɗi komai ba.

Shekara hamsin da uku ina ɗauke da Inna a raina a kan ta tsani hannuna. Ashe ita ma wani ya ɗaure nata. Na zauna bakin gado har rana ta fito, mata suka fara buga ƙofar shago. Bilki ta kawo mini koko ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Ina kwana, Baba." Na kalli hannuwanta a jikin kofin. Na so in ce mata wani abu, sai na ce sukari ya yi yawa.

Yanzu ku masu sani ku gaya mini, kuma kada wanda ya ce mini aljanu ne, na san aljanu ba su da lokacina. Inna da ta ci da hagu a gabana ta turo mini kwano, cewa take yi in kwance hannuna in ɗauki abina, ko da saura kwana nawa ya rage mini? In haka ne, me ya sa Bilki ce ta ɗauko wuyan jitar a kanta, ba ni ba? Yatsun da aka miƙo mini na ƙi karɓa, na haƙura ke nan ban sani ba? Ni dai abin da nake tsoro ɗaya ne. In na ce hagu, kada ya zama na cire ɗankwalin daga hannuna na ɗaura wa yarinyar nan. In na ce dama, na san kaina, zan zauna a ɗaki ina jin muryar ƙyauren uwata ta bayan katanga a hannun wani, ko da wanin 'yata ce, kuma ban tabbata zuciyata ta yi girman da za ta ɗauka ba.

Katakon ɗaya ne. Jibi Baba Bitrus zai ɗora tukunyarsa a wuta. Wanda ya san fassara ya taimake ni da abu ɗaya tak: ƙullin nan da ke bakin Bilki, kwancewa take yi, ko ɗaurewa?