Ƙofar da Yaya Mudi ya buɗe a cikin kwamfuta

Shekara goma sha biyu ke nan da aka yi wa Yaya Mudi sallah a Diobu. Allah Ya jiƙansa.

Mahaifinmu dillalin shanu ne a Trans-Amadi tun dawowar mutanenmu Fatakwal bayan yaƙin basasa, kuma ya so babban ɗansa ya gaje shi. Yaya kuwa sai ya kama ɗan shago a Mile 3 yana gyaran tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda zafin garin nan ke kashewa ba gargaɗi.

Ni ce mai kai masa abincin rana. Wata rana ya ɗora mini wani ɗan ƙarfe a tafin hannu, ya ce, "Auta, wannan ne furosesa, ƙwaƙwalwar injin. A cikinsa akwai 'yan ma'ajiyoyi, rijista ake ce musu. Ya san zafin jikinsa, yana ajiye labarin a nan, amma ba mai iya tambayarsa." Burinsa ya ƙara wa kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya kwamfuta, wata ƙofa ta leƙa waɗannan ma'ajiyoyi. Ni dai na ji kamar labarin marar lafiya ne da ba a ba shi baki ba.

Da ya gama aikin, ya aika wa masu kula da kanel ɗin, mutanen da bai taɓa gani ba. Suka mayar masa, wai ƙofar tasa ta bar kowa ya yi rubutu a ciki, kuma ganganci ɗaya ya isa ya lalata inji. Ya yi fushi, ya huce, ya ce, "Gaskiyarsu. Ko a mayanka ba kowa ake miƙa wa wuƙa ba." Ya gyara. Suka karɓa kafin ciwo ya kwantar da shi.

Bana ne Chidi, abokinsa na shago, ya kira ni. "Auta, dem wan comot am o." Wato irin wannan furosesan ya tsufa, za a cire aikin Yaya daga kanel in ba a sami mai kula da shi ba. Ni adabi na karanta, ko layi ɗaya na aikin ba na ganewa. Na bi masu gyara har Kasuwar Oil Mill ina roƙo. Kowa waya yake gyarawa yanzu. Aka cire.

Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce? Ina jin da hannunsa zai share shi, ya juya kan wayoyin nan da ke zafi a aljihunmu. Ni ce na kasa saki.

Na daɗe ina ɓoye wa Baba, mutumin da bai taɓa yabon sana'ar nan ba. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Aikin ya amfani mutane?"

"Ya amfane su, Baba. Shekaru."

"Waɗanda bai sani ba?"

"E, Baba."

Ya share ido da bakin rawaninsa. "To, wannan ba su isa su cire ba."